Tallafin gwamnatin jiha ga finafinan Hausa: a ba wa, kuma ta wace hanya?

Ɗan Zoo Road:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In muka ƙirga daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta haura shekara talatin. A tsawon lokacin nan, mafi yawan abin da ya haɗa mu da gwamnatin jihar Kano doka ce da hukunci. A ƙarshen 2000 aka dakatar da yin fim bayan ƙaddamar da shari'a, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka sake tsayar da aiki na wata shida, har wasu suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna. Rajista muna yi, lasisi muna sabuntawa, kuɗin duba fim muna biya. Ban ce a daina tacewa ba, don ni ma uba ne, ba kowane abu nake so 'ya'yana su kalla ba. Amma wanda yake da ikon hanawa ai yana da nauyin rainon abin ma.

Yau kasuwar faifai ta mutu. Kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube, kuma duk wanda ke cikin harkar ya san abin da ake samu daga masu kallo na gida bai taka kara ya karya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota zuwa lokeshan, man janareta da abincin ma'aikata duk sun yi tashin gwauron zabo. Ga Legas ta aza harsashin birnin fim a Epe a 2023, ga Kwara ta gina katafaren sutudiyo a Ilorin. Mu da muke cibiyar fim ta Arewa baki ɗaya fa?

Shawarata ita ce majalisar dokokin jiha ta kafa asusun tallafa wa fim da shirye-shiryen talabijin, a sa masa kuɗi a kasafin kowace shekara, furodusa ya kawo labarinsa da lissafinsa, in ya cancanta a ba shi kyauta, ba rance ba. Me kuka gani?

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni malamar firamare ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina bai kwanta da wannan magana ba. Ajin da nake koyarwa yara a ƙasa suke zaune. Gwamnatin nan da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ka ga ita ma ta yarda abin ya kai inda ya kai. Unguwanni da yawa ruwan 'yan garuwa suke sha. A cikin wannan hali za a ɗauki kuɗin talakawa a ba mai fim kyauta? Fim kasuwanci ne. Mai shago a Kantin Kwari in ya karye ba wanda ke ba shi kyauta daga baitulmali.

Ɗan Zoo Road:
Hajiya Malama, ban raina maganarki ba. Amma manomi ma kasuwanci yake yi, kuma ana ba shi taki da rangwame. Fim ɗaya yana ciyar da mai ɗaukar hoto, mai haske, mai sauti, mai kwalliya, tela, direba, mai dafa abinci, da yaran da ke ɗaukar kaya. Iyayen wasu daga cikin ɗalibanki ke nan.

Maman Ikram:
Taki abinci yake fitarwa. Ka nuna mini abin da jama'a za su samu a madadin kuɗinsu, sai mu yi magana.

Malam na Ƙofar Mata:
Bismillah. Ina da abu biyu. Na farko, kada mu manta da 2016. Gwamnatin tarayya ta zo da shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan uku a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka nuna ƙin amincewa, shugaba Buhari ya janye. Har gobe wasu 'yan fim suna ganin malamai ne suka toshe musu arziki. Ni ina cikin waɗanda ba su goyi bayan shirin ba, kuma dalilina shi ne an zo da abu daga Abuja ba tare da an zauna da mutanen da za a dasa shi a cikinsu ba. Ba wanda ya yi wa iyaye bayanin me za a koyar, wa zai kula da 'yan matan da za su je, ina za su kwana. Duk shirin da aka sake kawowa ta wannan salo, haka zai ƙare.

Na biyu, a nan ina tare da mai tambaya. Babban Bankin Nijeriya ya fito da rancen masu sana'ar fasaha a 2019, da ruwa kashi tara cikin ɗari. Musulmin kirki ba zai taɓa shi ba, ko da kashi ɗaya ne. Ka ga shirin na ƙasa baki ɗaya ne a takarda, amma a aikace an bar namu a baya. In jiha za ta yi wani abu, to ta yi shi ba riba.

Ɗan Zoo Road:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta biyun ita ce ciwon da ba a faɗa. Ga ruwa, ga jingina. Yaron da duk dukiyarsa kyamara ce da kwamfuta, wace takardar gida zai kai banki?

Sarkin Yaƙi:
Ku yi haƙuri in fito muku a mutum. Ranar da aka buɗe asusun nan, ranar za a rubuta sunayen waɗanda za su ci. Duk mun ga yadda ake yi lokacin zaɓe: masana'antar ta rabe gida-gida, wannan na wancan ɗan takara, wancan na wannan, a raba motoci da kujerun Makka, a yi waƙoƙi. Wanda gwaninsa ya ci shi ne ɗan fim na gari na shekara huɗu, wanda nasa ya faɗi ya shiga uku. In aka ƙara asusu a kan wannan, an ba gwamna mai ci wata sabuwar hanyar saka wa 'yan amshin shatansa ne kawai. Kuma wane furodusa ne zai karɓi kuɗin gwamnati sannan ya yi fim a kan satar kuɗin ƙananan hukumomi?

A 2013 gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan uku kyauta ga masu fim na ƙasar nan, kashi na horo, kashi na shirya fim, kashi na rarrabawa. Ku tambayi kanku, me ya rage a Kano daga wannan kuɗi da za a nuna da yatsa yau?

Baba Tsohon CTV:
'Ya'yana, sannunku da muhawara. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji ana cewa gwamnati ba ta taɓa sa kuɗi a wasan kwaikwayon Hausa ba, to wannan ba haka ba ne, ku dai ba ku riski lokacin ba. Tun zamanin Jihar Arewa ma'aikatar yaɗa labarai ke yawo da majigi ƙauye-ƙauye, ana nuna wa manoma yadda ake noman auduga da gyaɗa, ana nuna tsafta da rigakafi. Gidan talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya raini su Samanja da Kasimu Yero. Marigayi Abubakar Rimi, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya kafa gidan talabijin na CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. A can muka yi aiki. Kuɗin gwamnati ne ya sayi kyamarori, shi ya biya mu albashi, shi ya biya 'yan wasa alawus. Da yawa daga cikin dattawan da kuke kira iyayen masana'anta a ƙungiyoyin wasan daɓe da gidajen talabijin suka koyi tsayuwa gaban jama'a.

Amma ku lura da yadda kuɗin yake tafiya a lokacin. Ba a kiran mutum a ba shi kuɗi a ce je ka yi abin da ka ga dama. Tasha ce take buƙatar shiri na kowane mako, tana da lokacin da za ta cike, sai ta nemi masu yi. In ba ka kawo ba, allo zai zauna babu komai, kowa a gari zai gani. Wannan shi ne mai gadin kuɗin.

Don haka ni abin da zan ce, kada a ba kowa kyauta. Gwamnati ta zama mai saye. A ware wa ARTV kuɗin sayen shirye-shirye daga kamfanoni masu zaman kansu. A yi shela: muna son wasan kwaikwayo kashi goma sha uku a kan kaza, muna son shirin yara, muna son na tarihi. Kamfanoni su kawo labari da kashin gwaji. Wanda aka zaɓa a biya shi kashi-kashi, ya kawo aiki a ba shi na gaba. Tasha ta nuna na wani lokaci, bayan nan haƙƙin mallaka ya koma wa mai shi, ya sa a YouTube ko ya sayar wa wata tashar. Ku dubi Arewa24. Da kuɗin tallafi daga gwamnatin Amurka ta fara a 2014, amma ba rabawa ta yi ba, shirye-shirye ta yi da shi, ta ɗauki marubuta, ta horar da ma'aikata, ta saba wa mutane da zama gaban akwati a lokaci sananne. Abin da baƙo ya gane game da mu, mu ma ai mun san shi tun da.

Malama mai koyarwa, kin ce a nuna miki abin da jama'a za su samu. Ga shi: shirin yara na Hausa mai kyau, wanda ɗalibanki za su kalla da yamma maimakon fassarar finafinan Indiya. Yau wane furodusa ne zai yi shirin yara da kuɗinsa? Babu, don ba ya kawo kuɗi. Irin wannan gurbin ne kuɗin gwamnati ya kamata ya cike.

Maman Ikram:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wannan kam na fahimce ta. In shiri ne da zai taimaka wa yaro ya iya karatu da ƙirga da harshensa, ni da kaina zan ce a cire daga kason ilimi ma. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauki kuɗinmu a yi fim ɗin kishiya da uwar miji, wanda ko ba tallafi za a yi shi.

Ummi Edita:
Ina gaida iyaye da yayye. Ni tace hoto nake yi, kuma ina so a ji ta bakinmu mu da ba a ganin fuskarmu. Duk lokacin da aka ce tallafi, furodusa da jarumi ake nufi. Na taɓa yi wa wani kamfani aikin zango guda cur, dare da rana, fim ya fita, mutane suka kalla, har yau ragowar kuɗina bai fito ba, kuma ba takardar da zan riƙe in kai ƙara. Marubuta sun fi mu shan wuya, musamman mata. Mace za ta zauna a ɗakinta ta rubuta labari mai kashi hamsin, a ba ta abin da bai kai kuɗin kayan sawar jaruma na sin biyu ba, wani lokaci ko sunanta ba za a sa daidai ba.

Ko kyauta ce ko saye ne, a sa sharaɗi: ba za a saki kaso na gaba ba sai an nuna yarjejeniya a rubuce da kowane ma'aikaci da shaidar an biya shi ta banki. In gwamnati ta yi wannan kaɗai, ta gyara abin da ƙungiyoyinmu suka kasa gyarawa shekara da shekaru.

Sannan sauti. Ku saurari finafinanmu da abin sawa a kunne, za ku ji kukan janareta da ƙarar babur a bayan maganar jarumi. Ba mu da ɗakin haɗa sauti na kirki da ƙaramin furodusa zai iya haya. Akwai makarantar koyon aikin fim da aka kafa a Tiga zamanin Kwankwaso na biyu. A zuba mata kayan aiki na zamani da malamai masu yin aikin da hannunsu, a buɗe wurin hayar kyamara da fitilu da rahusa a cikin gari. Wannan zai amfani mutum ɗari, ba mutum ɗaya ba.

Alhaji na Bata:
Yarinya ta faɗi gaskiya. Ni kuma bari in yi magana a matsayin wanda ya sayar da kaset da faifai a Bata har kasuwar ta watse a hannunmu. Da mu 'yan kasuwa ne bankin masana'antar. Furodusa zai kawo fasta da tirela, mu ba shi kuɗi, ya ƙarasa aiki, mu buga mu rarraba har Agadas da Kumasi da Garwa. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka zo, fim ya fita da safe, da yamma yana wayar kowa a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Ba rashin jari ne ya kashe mu ba, rashin hanyar dawo da jarin ne. In ka ba mutum kuɗi ya yi fim alhali ba inda zai sayar, ka zuba ruwa a kwando ne. Badi zai dawo da hannu biyu yana neman wani.

Ina Marhaba, ina Plaza, ina Orion, ina Eldorado? Gidajen kallon da muka sani sun zama tarihi. A yi ƙananan gidajen kallo masu tsafta a ƙananan hukumomi, da rana, ɓangaren mata daban, iyali su je da 'ya'yansu. Nan ne kuɗi zai dawo.

Malam na Ƙofar Mata:
Alhaji, maganar gidajen kallo a ƙauyuka sai an yi ta da lura sosai. Sunan da silima ta yi a garin nan ba a banza ta yi shi ba. Ban rufe ƙofa ba, amma a fara da ta Baba tukuna.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Mu nan finafinanku muke kallo, don haka abin ya shafe mu. Nijar ta riga ƙasashe da yawa a harkar silima. Oumarou Ganda namu shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Amma da yake yawancin kuɗin daga waje yake zuwa, da ya janye sai abin ya kwanta. Ku dubi Senegal kuma. Suna da asusun gwamnati mai suna FOPICA, wanda aka fara zuba wa sefa biliyan ɗaya a 2014, kuma fim ɗin Alain Gomis da asusun ya taimaka wa ya ci babbar kyautar FESPACO a 2017. Kenan asusu yana iya aiki a Afirka in an ba masu sanin aikin su zaɓa. Kada ku yar da shawarar mai tambaya gaba ɗaya.

Barista:
Na gode Na Maraɗi, ka kawo ni inda nake so. Tsoron Sarkin Yaƙi gaskiya ne, amma maganinsa yana cikin yadda aka rubuta dokar. A Faransa ana cire wani kaso daga kowane tikitin silima ya shiga asusun hukumar fim ta ƙasa, kuma tun 1959 suna da tsarin ba mai fim kuɗi tun kafin ya fara, in fim ya yi kasuwa ya mayar daga abin da ya samu. Ba ruwa a ciki. Allah ya gafarta Malam, wannan bai yi kusa da abin da fiƙihu ya sani ba?

Malam na Ƙofar Mata:
Ya yi kusa da ƙiradi, wato mudaraba: mai dukiya ya ba da jari, mai sana'a ya sa aikinsa, a raba riba yadda aka yi sharaɗi tun farko, in an yi asara ba da sakaci ba mai dukiya ya ɗauka. In kuma so ake a mayar da uwar kuɗi kawai ba ƙari, rance ne mai kyau. Duka biyun halal ne, matuƙar abin da za a yi da kuɗin shi ma halal ne.

Barista:
Madalla. To sai a haɗa. Kaso mafi girma ya tafi ta hanyar Baba, wato saye. Ƙaramin kaso ya zama jarin da ke juyawa. Abubuwan da zan dage a kansu a doka su ne: a wallafa sunan duk wanda ya samu, da nawa ya samu, da ranar da zai kawo aiki, masu zaɓe su karanta labari ba tare da sun ga sunan mai shi ba a zagayen farko, wanda ke cikin kwamiti kada kamfaninsa ko na ɗan'uwansa ya nema, wa'adin kwamitin kada ya zo daidai da na gwamna. Kuma asusun kada ya zauna a ƙarƙashin Hukumar Tace Finafinai. Ba don wani laifi nata ba. Wanda ke da ikon dakatar da fim ɗinka bai kamata kuma ya zama shi ke riƙe da abincinka ba, ko waye a kujerar.

Malam na Ƙofar Mata:
A nan mun rabu, Barista. In kuɗin jama'a ne, dole a tabbatar ba a yi abin da ya saɓa wa addini da al'adar jama'ar da shi ba. Hukumar ce ke da wannan aiki.

Barista:
Za ta yi aikinta, Malam. Duk fim ɗin da aka tallafa wa zai bi ta gabanta kamar kowane fim. Zaɓen wanda za a ba ne nake cewa a raba shi da ita.

Sarkin Yaƙi:
Kuma wa zai naɗa kwamitin? In gwamna ne, mun dawo gidan jiya. Ita ARTV ɗin ma ai shugabanta naɗin gwamna ne.

Barista:
A rarraba kujerun a cikin dokar: ɗaya daga sashen koyar da aikin jarida da fim na Jami'ar Bayero, ɗaya daga MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, ɗaya daga marubuta, ɗaya daga malamai, ɗaya daga ma'aikatar ilimi, kowace ƙungiya ta aiko da nata. Gwamna ya rantsar kawai. Ba zai hana son kai ɗungurungum ba, amma sai an haɗa baki da mutum biyar kafin a yi, kuma sunaye suna fili.

Ɗan Zoo Road:
Na karɓi tsarin Baba da sharaɗin ƙanwata Ummi hannu bibbiyu. Amma ina nan a kan bakata game da kyauta a wuri ɗaya: rubutu. Marubuci yana buƙatar wata uku ko huɗu ya zauna ya yi bincike, ya je Gidan Makama, ya je wurin dattawa, kafin ya rubuta labarin Bagauda ko na masu rini a Ƙofar Mata ko na fataken goro da suka bi hanyar Gwanja. Ba tashar da za ta sayi abin da ba a rubuta ba tukuna, kuma ba ribar da za a raba a kan takarda. Wannan kuɗi kaɗan ne, kuma in ba a ba da shi kyauta ba, labaran da Malama ke ƙorafi a kansu su za mu ci gaba da yi, don su ne ake rubutawa a mako ɗaya.

Maman Ikram:
In na marubuta ne, kuma za a wallafa sunayensu da abin da suka rubuta, ban ƙi ba. Amma a sa malaman firamare cikin masu duba shirin yara. Mu muka san abin da yaro ɗan aji biyu yake ganewa.

Ummi Edita:
Barista, in za ka rubuta wannan a matsayin takardar shawara ga kwamitin majalisa, ka turo mini daftarin in kai wa masu sauti da masu haske su ƙara nasu. Ba a taɓa tambayarsu ba.

Barista:
Zan rubuta, in sha Allah. Maganar inda asusun zai zauna zan sa ra'ayi biyun duka, nawa da na Malam, kowanne da hujjarsa. Malam, ka turo mini naka da lafazinka don kada in yi maka ragi.